Hannun Dhanva

"Ya nutse..." Nonika ta furta.

Ƙwallon itacen dun na saurayinta Tilaka, mai ɗaure da jan zare, ya yi ƙasa kamar dutse.

A kwarin Kashmir na wancan zamani, in mutum biyu suna neman mace ɗaya, idon ruwan Naga, wato macijin da ke mulkin ruwan, ake zuwa. Kowa ya jefa ƙwallon 'ya'yan itacen dun, masu ɓawo mai tauri amma marasa nauyi. Wanda nasa ya yi iyo, shi ne ango.

Na Dhanva, ɗan mai gonakin za'afaran, furen nan mai tsada, yana ta yawo a sama da farin zarensa.

"To, matuƙin kwale-kwale!" Dhanva ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai da ruwa ne sana'arka, yau ruwan ma ya ƙi ka?"

"Baba, don girmanka!" Nonika ta riƙe rigar mahaifinta. "A gidan kawun Dhanva fa aka ajiye ƙwallayen nan!"

"Rufe min baki! Naga kike ƙaryatawa? Dama na gaya miki ba zan ba mai warin kifi 'yata ba."

Tilaka ya dube ta, idanunsa jawur.

"Hasken raina, kar ki yi kuka. Zan bi kogi da kwale-kwalena, ba za ki ƙara ganina ba."

"In ka tafi, a ruwan nan za a tsince ni."

Tsuntsaye suka yi tsit.

Ruwan da ake ganin duwatsun gefensa garau ya fara duhu, daga ƙasa zuwa sama, har ya koma baƙi wuluk. Tsofaffin mata suka ja baya.

Saura abu ɗaya a al'ada: ango ya tsamo ƙwallonsa da hannunsa, ya miƙa wa amarya.

"Sai... sai gobe mana," in ji Dhanva.

"Yanzu, ɗana," mahaifin Nonika ya ce. "Ai naka ne."

Dhanva ya durƙusa ya miƙa hannu. Ƙwallon mai farin zaren ya sulale ƙasa a hankali. Wani abu ya ja hannunsa har kafaɗa!

Ya ƙwalla ƙara, ya fizgo da ƙyar.

Cikin tafinsa, ƙwallo mai jan zare ne, na Tilaka. Daga ruwan da ba a taɓa jin wanda ya taɓo ƙasansa ba.

Ƙwallon ya tsage biyu. Dunƙulen dalma ya faɗo, tim, a kan dutse.

"Ni... ni dai mutane na so in ruɗa," Dhanva ya ce. "Ban zaci Naga yana kallo ba..."

Mahaifin Nonika ya daɗe yana kallon dalmar. Sannan ya kamo hannun 'yarsa, ya ɗora a na Tilaka.

"Yafe min, ɗana."

"Rabin raina," Tilaka ya raɗa mata, "wa ya ce zan iya tafiya?"

Kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyin dutse aka ɗaura auren.

Dhanva kuwa ya rayu har tsufa. Sai dai hannunsa na dama bai ƙara bushewa ba. Ko a bakin wuta ya zauna, ɗiga yake.

Ɗis... ɗis...