Ruwan Wankan Labo

Dab da magariba na ce wa direbana Mutari ya tsaya bayan Malbaza mu yi salla. Shekarar da 'yan tawaye suka ƙetaro iyaka ce, jandarma a kowace mararraba. Manoma na tsugune a rana ana bincikar buhunansu, ni kuwa ana sara mini, don ni ma'aikacin buro ne, wato ofis, a motar gwamnati. Har daɗi nake ji. Yau in na tuna, ƙyamar kaina nake yi.

Garinmu Tajaye za ni, ta'aziyyar ƙanena Labo. An harbe shi a wannan hanya, aka ce ɗan tawaye ne, aka hana binne shi sai wani nasa ya zo ya sa hannu. Inna ta aiko mini sau uku. Na yi shiru, ina tsoron aikina.

Na zuba ruwa a buta, na tsuguna gindin wata ƙirya. Sai kukan tsuntsaye ya ɗauke. Ƙudaje kawai nake ji, ga wani wari mai tayar da zuciya.

Wani mutum na zaune a inuwa, ya ba ni baya. Rigarsa ta manne da jikinsa.

"Malam, sam mini ruwa," ya ce a hankali.

Na toshe hanci da hankici, na tura masa butar da ƙafa.

"Ba na sha nika so ba. Na wanka. Kwana tara ina nan, ba wanda yat taɓa ni."

Na san muryar.

Ya fara juyowa. Ƙudajen suka tashi gaba ɗaya.

"Yaya Isuhu, kai ma ƙyamata kaka yi?"

Hannu mai sanyi, mai laushi kamar ruɓaɓɓiyar kabewa, ya kama ƙafata. Na fizge, na bar takalmi, na faɗa mota. Mutari ya rantse bai ga kowa ba.

A Tajaye na shiga ɗakin Inna na durƙusa. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta shinshina iska, ta dube ni.

"Kun gamu ke nan. Ka yi mashi wankan?"

Na sunkuyar da kai.

"Tashi ka hita."

Bayan wata biyu aka ƙara mini girma. Inna ta yi shekara shida kafin ta rasu, ta kuma bar wasiyya kada a bar ni in ɗauki makararta.