Ramukan da Halliru Ya Toshe

Magariba ta kawo jiki a Garwa, Halliru yana tsugune gefen tsohuwar Fijo 404 da mahaifinsa, dillalin shanu, ya bari. Tsakuwar hanyar Poli ta ɓantare fentin ƙofar direba, ta bar ramuka ƙanana kamar ƙwayar gero. Georges mai fenti ya ce a fesa wa ƙofar sabo gaba ɗaya. Halliru ya ƙi. Fentin na asali ne, tafin hannun tsohon ya sha shafarsa, kuma Halliru akwai taurin kai a kan abin gado.

Da tsinken ashana yake aikin. Ya ɗiga fenti a rami, ya bar shi ya bushe, ya goge, ya shafa mai har wurin ya saje. Ran nan ya ƙagu ya gama, ko bismilla bai yi ba.

"Baban Kausar, magariba fa," in ji matarsa Safiyatu.

Bai ɗago ba. Yana toshe ramin ƙarshe dutse ya faɗo bisa kwanon ɗaki. Wani ya biyo baya. Aka leƙa waje, ba kowa.

Daga ranar, duk faɗuwar rana sai a ji kuka siriri daga cikin ƙofar motar. Kausar, 'yarsu tilo, ta daina ci, ta daina magana. Sai ta zauna tana yaƙushin ƙofar har faratanta su yi jini. Asibiti ba su ga komai ba. Tausayi ya hana maƙwabta haɗa ido da Safiyatu.

Aka ɗauko Modibbo Abdelkerim, malamin ruƙiyya, daga Mindif. Ya daɗe yana karatu a kunnen yarinyar, sannan bakinta ya buɗe da muryar tsohuwa.

"Ke wace ce?" in ji Modibbo.

"Uwa ce. Tun zamanin mai shanu muke cikin ƙofar nan, bai taɓa tare mana hanya ba. Ɗansa ya liƙe 'ya'yana a ciki. Ya riƙe nawa, na riƙe tasa."

"Useko, ina roƙonki, ki ji tsoron Allah. In an buɗe, za ki fita?"

"Kowane rami. In ya bar ɗaya, ba zai sake jin muryarta ba."

Halliru ya ɗauki allura ya ruga. Ya duba, ya shafa, ya haska tocila. Ƙofar sumul. Aikin ya yi kyau har shi mai aikin ya kasa gane inda ya taɓa. Ya caka nan, ya caka can, a banza, numfashin Kausar kuwa sai ƙara nauyi yake.

Ya jefar da allurar ya ɗauko wuƙar girki. Yana kankara yana kuka, fentin na zuba bisa ƙafafunsa, har ƙofar ta koma ƙarfe zalla. Wata iska mai sanyi ta ratsa tsakar gidan ta fice. Cikin ɗaki Kausar ta yi atishawa.

Ta fito jingine da uwarta, ta tsaya tana kallon ƙofar. Hawaye ya cika mata ido.

"Baba, wane mugu ne ya yi wa motar Kaka haka?"