Kafin Sakamakon Ya Fito

"Ba za ki faɗa masa ba, Bahijja. Ki bari a ɗaura tukunna."

Gwaggo 'Yardada ce ke maganar, tana tsaye a ƙofar ɗakina da farantin shinkafar da take tsincewa. Ƙanwar Babana ce, ita ta dawo gidanmu na Mandawari ta zauna da mu tun bayan rasuwar Ummanmu. Ni kuwa dawowata daga asibiti ke nan, ko hijabi ban cire ba.

Na ce mata ba zan shiga gidan mutum da ɓoye-ɓoye ba. Ta ajiye farantin, ta ce shekaruna sun haura talatin, na ƙare ƙuruciyata wajen rainon ƙannena, sai yanzu da Allah ya kawo miji har an kawo lefe zan kore shi da bakina? Ta ce maza ba su da juriyar irin wannan labari.

Ban yi fushi da ita ba. Tsoro ne ke cin ta, kuma na san inda tsoron ya samo asali. Ciwon dajin mama ne ya kashe Umma. Ta ɓoye shi tana shafa magungunan gida, har sai da wurin ya zama gyambo, aka kai ta asibiti lokacin da babu sauran abin yi.

Shi ya sa ranar da na ji wani ɗan ƙullutu a mamana na hagu ina wanka, ban tsaya jiran komai ba. Na nemi izini a makarantar firamaren da nake koyarwa, na tafi aka yi mini sikanin.

Likita Ma'u, wadda ta duba ni, mace ce mai sanyin magana. Ta juyo da allon kwamfutar ta nuna mini wani ɗan baƙin tabo kamar ƙwayar gyaɗa. Ta ce masu karanta hoto sukan ba kowane hoto lamba. Ɗaya da biyu ba abin damuwa, uku a dawo a sake dubawa bayan 'yan watanni, biyar kuma abin ya yi kama da daji ƙwarai. Nawa huɗu ne, da harafin A a gefensa.

Na tambaye ta kai tsaye ko ina da ciwon daji.

"Hoto ba ya yanke wannan hukuncin," in ji ta. "Abin da ya ce kawai shi ne, ga wani abu da ya kamata a duba da kyau. A cikin mata goma masu irin lambarki, tara ko fiye da haka ba daji ba ne. Za mu ɗebi ɗan ƙanƙanin nama da allura, a kai ɗakin gwaji. Shi ne zai faɗi gaskiya."

Na sa ta maimaita mini har na haddace. Da na fito, kaina a tsaye yake. Na san abin da aka sani, na kuma san abin da ba a sani ba tukunna.

Da la'asar sakaliya Mikail, wanda zai aure ni, ya zo, kamar yadda ya saba in ya rufe shagonsa na kayan fata a Kasuwar Kurmi. Ya zauna a kan tabarmar soro yana ba ni labarin wani baƙo da ya yi cinikin jaka har ya gaji ya tafi, ya dawo ya saya a kan kuɗin farko. Yana dariya, ni ina kallonsa, ina tunanin ko wannan ce dariyar ƙarshe da zai yi a soron nan.

Sai na faɗa masa komai, yadda likita ta faɗa mini. Ban rage ba, ban ƙara ba.

Ya cire hularsa, ya juya ta a hannu, ya mayar.

"Kina jin ciwo?"

"Ko kaɗan."

"Kin ji tsoro?"

"Na ji... amma yanzu da na faɗa maka, ya ragu."

"Hasken idona," ya ce a hankali, "ko lamba nawa suka rubuta, ke na gani na ce ina so."

Kafin ya tafi ya nemi izinina ya sanar da mahaifiyarsa, Hajiya Turai. Shi kaɗai ta haifa, mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, kuma bai taɓa ɓoye mata komai ba. Na ce ya faɗa mata. Gwaggo da ta ji, sai ta ɗora hannu a ka ta shige ɗaki.

Ba a jima ba abin da take gudu ya iso. Kawun Mikail, Alhaji Isiyaku, ya zo wajen Baba da saƙo, wai Hajiya ta ce a ɗaga biki sai an ga yadda hali ya yi.

Babana, Malam Gwadabe, mutum ne mai haƙuri, amma ranar na ga abin da ban taɓa gani ba. Ya shigo tsakar gida a fusace, ya ce 'yarsa ba kayan kasuwa ba ce da za a ajiye a jira a ga ko ta lalace. Ya ce a fito da akwatunan lefe, gobe a mayar musu da kayansu.

Na durƙusa a gabansa. Na ce ya yi haƙuri ya ba ni lokaci har a yi gwajin. Na ce idan ya mayar da kayan yau, duk unguwa za ta ɗauka an tabbatar ina da ciwon, alhali likita ma ba ta ce haka ba. Ya dube ni, idanunsa suka kawo ruwa, ya ce kamannin Umma yake gani a fuskata. Daga ƙarshe ya ce ya ji, amma kada Mikail ya sake tako masa soro sai magana ta daidaita.

A waya muka koma magana. Muryarsa duk ta canja. Ya ce ya roƙi Hajiya har ya gaji, ba ta ce ba ta so na ba, kuka kawai take yi, ta ƙi cin abinci. Ya ce ba zai iya saɓa mata ba, ba kuma zai iya rabuwa da ni ba, ya rasa inda zai sa kansa.

Na ce kada ya saɓa mata saboda ni. Ban san inda na samo ƙarfin faɗin haka ba, domin ina ajiye wayar na kifa kaina a filo na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Ana gobe za a yi mini allurar gwajin, bayan azahar, muka ji sallama. Hajiya Turai ce da kanta, ita kaɗai, ba 'yar rakiya. Gwaggo ta amsa mata a daƙile, ta shimfiɗa mata darduma. Bayan gaisuwa Hajiya ta ce da ni take son magana, a ɗaki.

Na durƙusa nesa da ita, kaina a ƙasa. Ta ce in matso. Ta ce Mikail ya yi mata bayani amma ba ta gane ba, tana so ta ji daga bakina. Me hoton ya nuna? Yaya ake ɗaukarsa? Da zafi? Namiji ne ke dubawa ko mace?

Na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce wani ruwa mai sanyi ake shafawa, a ɗora ɗan abu a kan fata, babu zafi ko kaɗan, kuma mace ce ta duba ni. Na ce manyan mata kuma akwai wata na'ura da ake ɗaukarsu da ita, takan ɗan matse amma nan da nan an gama. Na gaya mata ma'anar lambobin, na ce ba kowane ƙullutu ne daji ba, wanda ma ya zama shi ne, in an gano da wuri ana yin magani mutum ya ci gaba da rayuwarsa.

Tambayoyinta suka fara ba ni mamaki. Ta ce in abin ya yi tauri, ba ya motsi fa? In fatar wurin ta ɗan lotsa ciki fa?

Na ɗago na dube ta. Nawa ba haka yake ba.

Ta waiga ta ga labule a sake. Sai ta kamo hannuna, ta kai shi ƙarƙashin mayafinta, ta ɗora a gefen ƙirjinta na dama.

"Taɓa nan, 'yar nan."

Na ji shi. Ya fi nawa girma, ya kuma fi tauri.

"Hajiya... tun yaushe?"

"Tun damina." Hawaye suka gangaro mata. "Na ce bari in ga aurensa tukunna, in ya so ko me zai faru ya faru. Sai ga shi ya zo mini da labarinki. Ɗa guda gare ni, Bahijja. Na hango shi yana jinyar mata biyu, yana binne mata biyu. Ba ƙinki nake yi ba... tsoro ne."

Ban san lokacin da na manta da kunyar surukuta ba. Na riƙe hannayenta biyu, na ce gobe ina da layi a asibiti, ta shirya mu tafi tare. Ta ce ba za ta iya ba, ita ko allurar zazzaɓi tsoro take ji. Na ce zan shiga da ita, zan tsaya a kanta har a gama. Na ce na taɓa ganin abin da jira ke haifarwa, ba zan zuba ido in sake gani ba.

Daga ƙarshe ta gyaɗa kai.

Da za ta fita ta tarar da Baba a soro. Ta tsaya ta ba shi haƙuri, ta ce saƙon da ta aiko a janye shi. A ɗaura aure ranar da aka sa, ko sakamako ya fito ko bai fito ba. Baba ya ce Allah ya sa alheri.

Washegari Mikail ne ya kai mu a mota. A hanya, muna wuce Ƙofar Nassarawa, Hajiya ta faɗa masa dalilin zuwanta. Ya gangara gefen titi ya tsaya, ya kifa kansa a sitiyari. Hajiya ta ce ya tashi ya ja mota, kada mu rasa layi, ai ba mutuwa aka ce ta yi ba. Kalaman da na gaya mata jiya ta maimaita masa, har da ma'anar lambobi, ta rikita uku da huɗu, na gyara mata. Yana share ido yana dariya ya tayar da motar.

Nawa aikin bai ɗauki lokaci ba. Aka yi mini allurar kashe zafi a wurin, na ji ɗan ƙas da aka ɗebi naman, aka manna filasta. Na fito na raka Hajiya ɗakin hoto, ta riƙe gefen hijabina kamar ƙaramar yarinya. Nata hoton lamba biyar aka ba shi. Likita Ma'u ba ta ɓoye mata ba, ta ce ya yi kama da daji sosai, amma ita ma sai gwajin nama ya tabbatar, kuma zuwan da ta yi yanzu ya fi ta ƙara jira. Ita ma aka ɗebi nata naman.

Aka ɗaura aurenmu ranar Juma'a, babu wanda ya san abin da sakamako zai ce. Gwaggo 'Yardada ta rangaɗa guɗa har muryarta ta dishe. Hajiya ta zauna cikin ƙawayenta da sabon leshi, tana raba goro, duk wanda ya gan ta sai ya ce ta fi amarya murna.

Ina cikin satin amarci aka kira mu. Nawa ba daji ba ne, wani ƙullutu ne marar illa da kan fito wa mata da yawa, za a riƙa dubawa kawai. Mikail ya yi sujada a nan ofishin likita. Na Hajiya kuwa daji ne. Amma hotunan da aka ƙara yi sun nuna bai kai ga huhu ko hanta ba, aka sa ranar da za a yi mata aiki.

Ranar aikin muka zauna a baranda ni da shi, ya riƙe hannuna ya ƙi saki, mutane na wucewa suna kallo bai damu ba. Ya ce da na bi shawarar ɓoyewa, da yanzu mahaifiyarsa na can gida tana murmushi da ciwonta. Na ce ya yi shiru ya yi addu'a, ni ma addu'ar nake yi.

Da aka fito da ita, likita ta ce aiki ya yi kyau, sauran magani zai biyo baya. Aka bar mu muka shiga. Tana kwance, fuskarta ta yi fayau, leɓunanta a bushe. Can ta buɗe ido a hankali, tana motsa baki.

Mikail ya sunkuya da sauri. "Ga ni, Hajiya. Ga ni nan."

Ta dube shi, ta ɗan kawar da kai tana neman wani abu a bayansa.

"Na gan ka," ta ce da ƙyar. "Ina 'yata?"

Ya ja da baya yana dariya, hawaye na zuba a gemunsa, ya turo ni gaba. Na durƙusa a bakin gadon, ta lalubo hannuna ta riƙe gam, sannan ta lumshe ido ta koma barci.