Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

"Mutum ɗaya zai shiga," in ji Likita Rakiya, mai allurar barci. "Wanda yaron ya fi natsuwa da muryarsa."



Awa biyar aka ɗauka ana yi wa ɗana aiki a kai a wani asibitin Gusau. Shekararsa uku. Likita ta ce yara kan farka a firgice, ba sa gane kowa, su yi ta fisge-fisge har su cire robar zuƙe jini da aka sa musu a kai. An ba shi maganin zafi, an rage hasken ɗakin. Saura a yi ta kiran sunansa a hankali yayin da yake farfaɗowa.

Sunansa!

Ɗan fari ne, kuma sunan surukina ya ci. Ko da wasa ban taɓa furta shi ba.

Hajiya Yelwa, uwar mijina, ta miƙe.

"Ni ka shiga! Tun yaye yana hannuna can Bunguɗu. Wagga ko sunanshi ba ta iya hwaɗi, kuma kwana ukku ya rage ta gama idda."

Ita ta sa mijina Tajuddeen ya yi mini saki ɗaya, don kawai na roƙi a dawo mini da yaron da ciwon kansa ya tsananta. Ina son Tajuddeen, amma ban taɓa jin ya ce mata a'a ba.

"Hajiya, ki gafarce ni..." Tajuddeen ne ya yi magana, yana nuna ni. "Duk sadda zazzaɓi ya kama shi, Madina yaka kira. Ita za ta shiga."

Na bi likita na shiga.

Ga shi ɗan mitsitsi, kai naɗe da bandeji. Sai ya zabura! Idanu buɗe amma ba ya ganina, hannu ya nufi robar.

"Yaro... ɗan albarka..."

Ina! Sai ƙara fisga yake.

"Sunansa, Madina! Yanzu!" in ji likita.

Harshena ya yi nauyi kamar an ɗaure shi.

"Muktar..."

Ya ɗan tsaya.

"Muktar, ni ce. Innarka ce, ina nan."

A hankali hannun ya sauko, ya damƙe yatsana. Sai a lokacin kuka ya ƙwace mini.

Da na fito, Tajuddeen na bakin ƙofa, fuska sharkaf da hawaye.

"Hasken raina, na maishe ki ɗakinki. Gaban Hajiya nika hwaɗi."

"Zan koma," na ce. "Amma da Muktar."

A gaban matar mai sunan na faɗa!

Hajiya ta matso kusa da ni. Sannan ta kwance ƴan takalmansa da ta ƙulle a bakin gyalenta tun safe, ta miƙo mini.