Ƙusoshi a Dutsen Kakanni

Sufeto Wei Lanying ta iso ƙauyen Baiyan ta tarar an kwantar da wani mai hawan dutse a kan ƙyaure, ƙugu a karye. Jiang ne sunansa, ɗan birni.

"Ƙusar da na rataya igiyata ce ta zare," ya ce yana nishi. "Da hannuna na dasa ta. Wani ya taɓa ta."

Tun a ofis shugabanta ya ja mata kunne: in ba a samu mai laifi ba, hukuma za ta kwashe akwatunan gawar da ke kogon dutsen, ta rufe wurin. Kakarta ma a irin wannan kogo take kwance.

Ta sami dagaci zaune cikin dattawa yana zuƙar lofe.

"Kawu, wa ke hawa dutsen nan?"

"Tsuntsaye, 'yata."

"Tsuntsayenku sun iya kwance ƙusa?"

"Na birni ma har igiya suke ɗaurawa," ya ce. Dattawa suka kwashe da dariya.

Pan Desheng, ɗan garin da ke yi wa baƙi masu hawan dutse jagora, ya rantse rabonsa da kogon tun bara.

"To mu je ka nuna mini hanya," ta ce.

A gindin tsani Pan ya kwance agogonsa da bel, ya ajiye.

"Ranki ya daɗe, ki bar makullanki. Matattunmu ba sa son ƙarfe. Ko akwatinsu ba a buga masa ƙusa."

Ta ajiye, har da ankwa. Suka hau.

A bakin kogo ta ga ramukan ƙusoshi jere, an toshe kowanne da shinkafa mai danƙo. Ɗaya ne kawai a buɗe. Akwatuna birjik, duk ƙura, sai guda da aka share aka ajiye masa shinkafa sabuwa.

"Na wa ne wannan?"

Pan ya juya zai koma tsani.

"Pan, ko in tambayi dagaci?"

"Innata ce."

"Shinkafar bara ce ba ta bushe ba?"

Ya durƙusa. "Na roƙe su su kauce. Jiang ya ce nan hawan ya fi daɗi. Dab da kan Innata suka huda dutsen, ranki ya daɗe! Na zare duka, ta ƙarshen ta ƙi fita, na bar ta tana lilo."

"Kana tsaye ya hau?"

"Na buɗe baki zan hana shi, na fasa. Na ji tsoron a gane ni ne."

"Tashi. Yaron nan wataƙila ba zai sake takawa ba."

"Innata fa? Za su kwashe ta?"

"Na samu mai laifi. Ba wanda zai taɓa ta."

Da suka sauko ta ɗauki ankwa. Pan ya dubi kogon, ya dube ta. Ta tasa shi gaba hannu sake, sai da suka haye gadar ƙauyen ta ɗaura masa.