Ladidi Gwanar Shuri

Sunan garin ya ɓace mini, shekarar ma haka, amma yarinyar dai Ladidi sunanta.

A garin akwai malamai biyu masu koyar da dabarun faɗa na ƙasar Koriya. Ɗaya yana koyar da taikwando, wato shuri da ƙafa, ɗayan kuma hafkido, wato murɗe hannu da kuɓucewa daga riƙo. Ladidi tana zuwa wurin dukansu, kullum tambayarta ɗaya: "Malam, wanne ya fi tsare mutum?" Wannan ya yi dariya, wancan ma ya yi dariya. Ita dai shuri ta fi so, don in ta ɗaga ƙafa har ta wuce kanta, sai a yi ta tafi.

Ran nan da rana ta karɓo wa kakarta maganin tari a kwalba, ta sa a jaka, ta bi ta wani lungu. Sai wani ƙato ya cafke mata wuyan hannu, ya ce, "Kawo jakar!" Ladidi ta so ɗaga ƙafa, amma ga bango nan, ga bango can, zani kuma ya riƙe ta. Sai ta murɗa hannunta ta wajen babban yatsansa, ta fizge, ta sheƙa da gudu tana ihu.

A gida, da kakar ta ji labari, sai ta ce, "Au, gwanar shuri ce da gudu?"

"Kaka, karɓi maganinki. Ko ɗigo bai zube ba."

Daga baya na je lungun na auna da sandata. Faɗinsa kamu biyu ne kacal.