Jakar Kyamara Mai Kilo Tara

Ranar da Umma ta zo musu wuni, Injiniya ya haɗa kwamfutarsa da talabijin ɗin falo don ya nuna wa surukarsa hotunan tafiye-tafiyensu. Gina gadoji ne aikinsa, amma ɗaukar hoto ne ciwonsa, kuma tsakani da Allah ya iya. Matarsa Auta tana gefe tana ɓare lemo.

Duwatsu suka wuce, da tsuntsaye, da masunta a bakin ruwa. Umma ta kalli hoto wajen ɗari biyu, sannan ta zare tabarau.

"Sun yi kyau. To ina 'yata?"

Injiniya ya yi gaba, ya yi baya. Shekara uku suna yawo tare, babu Auta ko a ɗaya. Ita dai ta san dalili: kullum tana bayansa, jakar kayan hoto a kafaɗa, yana cewa, "Miƙo dogon gilashin! A'a, gajeren! Sauri, tsuntsun zai tashi!"

Umma ta janye mayafin Auta, sai ga shatin igiyar jaka ya yi baƙi a kafaɗa.

"Mata na ba ka, ba 'yar dako ba! Tafiyar watan gobe ba da ita ba. Gidana za ta zauna har ka gane abin da ka aura."

"Umma, ni fa ban taɓa yin ƙorafi ba," in ji Auta, hawaye na zuba, don tana son mijinta, tana kuma son tafiyar.

"Shi ne ma abin haushin!"

Washegari suka nufi shagon Yaya, wan Injiniya, mai sayar da kyamarori a hawa na uku, don Injiniya ya sake kyamara. Auta ta miƙa hannu za ta ɗauki jakar kamar yadda ta saba, ya riga ta. Kafin su kai sama yana haki kamar wanda ya yi tsere. Ya ɗora jakar a sikelin shagon: kilo tara cif. Bai iya kallon matarsa ba.

Yaya ya ji labari ya kwashe da dariya. "Yanzu surukarka ce za ta zaɓa maka kyamara? Kai, ka ba da maza!" Ya sauko da wata ƙatuwa mai hanci kamar bututu. "Ga ta ƙwararru. Daga nan za ka ƙirga gashin tsuntsu!"

Auta ta ga idon mijinta yana ƙyalli, gabanta ya faɗi. Amma ta bar shi da zuciyarsa.

Ya daɗe yana shafa ƙatuwar. Sai ya nuna wata 'yar ƙarama a ƙasan kantar shagon. "Waccan fa, Yaya?"

"Wannan? Gilashinta ɗaya ne, ba a canzawa. Hotonta garau, ko a duhu, kuma ba ta kai rabin kilo ba. Amma babu zum, ba ta jawo na nesa kusa! Tsuntsayenka fa?"

Injiniya ya zura ta a aljihu, ta shige tsaf. "Na haƙura da su."

Umma ba ta yarda ba sai da ta ɗaga kyamarar da yatsu biyu. "To, Allah ya kiyaye hanya."

A bakin ruwa, da safe, ya ce, "Auta, tsaya nan." Ba ta san lokacin da ta zagaya bayansa ba.

"A'a. Gabana."

Ta tsaya, ta rasa inda za ta sa hannuwanta, don sun saba da kaya. A haka ya ɗauke ta, tana dariya tana kuka, hannu biyu a sake. Hoton yana nan a bangon ɗakin Umma.

Haƙurin Auta bai faɗi ƙasa ba. Amma duk wanda Allah ya ba mace mai haƙuri, ya riƙa waiwayawa ya ga abin da take ɗauke da shi, kada ya jira sai uwarta ta nuna masa.